Funfuna Mai Cin Leda: Kada Nguru Da Gashuwa Su Zauna Jira

Tun daga shekarar 2011 da wuya a yi shekara guda ba a ji labari daga wata jami'a ta ƙasashen waje cewa masana ilmin kimiyya sun gano wata irin funfuna mai cin roba ba. Gidajen rediyo su ɗauka, jaridu su buga, matasa su yi ta aika wa juna ta wayar hannu, har maganar ta iso teburin mai shayi da rumfunan kasuwa. Ko'ina ta iso kuwa da murna ake karɓarta, domin leda ta ishi kowa. Labarin gaskiya ne, babu ƙage a cikinsa. Abin tsoro shi ne irin fassarar da ake yi masa, musamman idan ya shiga kunnen waɗanda aka ɗora wa alhakin tsabtar gari, suka ɗauka cewa magani yana nan tafe daga Turai, saura kawai a naɗe hannu a jira isowarsa. A cikin garuruwan Arewa kaf, kaɗan ne wannan jira zai cuta kamar yadda zai cuci Nguru da Gashuwa.

Dalili kuwa shi ne wurin da Allah ya ajiye garuruwan nan biyu. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, shi kuma da ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu, wani reshe ya bi mashigin Marma ya zube a tafkin Nguru, sauran su ci gaba gabas har su gamu da ruwan Jama'are a kusa da Gashuwa, inda Kogin Yobe ya kama hanyarsa ta zuwa Tafkin Cadi. Watau ke nan duk abin da ruwa ya ɗauko daga garuruwan da ke sama, a nan yake rage gudu, a nan kuma yake sauke kayansa. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 tafiyar ruwan ta sake, ciyawar kacala ta mamaye mashigai, ta zama kamar rariya mai tare duk abin da ya biyo ruwa. Ledar da aka yar a bakin kogi a Wudil ba ta san iyakar Jihar Kano da Jigawa da Yobe ba.

Wannan dausayi kuwa ba ƙaramar dukiya ba ce. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, tafkin Dagona na ƙasar Bade ya bi baya a 2008. Amma tun kafin Turawa su zo kallon tsuntsayen da ke ƙaurowa daga ƙasashensu da hunturu, masunta sun san darajar wurin, manoman shinkafa da alkama da albasa da tattasai sun san ta, makiyayan da ke gangarowa da rani su ma sun san ta. Kifin banda da ake lodi daga wannan yanki har kudancin ƙasar nan ake cinsa.

Ɓarnar leda a irin wannan wuri ba sai an ɗauko littafi ba. A tambayi mahauta. Babu mahaucin da ya daɗe a kwata da bai taɓa farka tumbin akuya ko na saniya ya tarar da dunƙulen leda da igiya da tsumma sun murɗe sun yi tauri ba. Dabbar ta yi ta rama, mai ita yana ta sayen magani da dusa, yana zaton tsutsar ciki ce, alhali ciki ya riga ya cika da abin da ba ya narkewa ba ya kuma fita. Likitocin dabbobi na jami'o'in Maiduguri da Zariya sun daɗe da rubuta wannan al'amari. A ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin gida suka koma kiwo a juji, a lokacin ne abin ya fi tsanani, kuma asarar a kan mace mai akuya uku take faɗawa, ita da ba ta da wata ajiya sai su. A tambayi manomi kuma. Takin bola da iyaye da kakanni suka saba kai wa gona a kan jaki, wanda dā toka ne da kashin dabbobi da ragowar abinci, yanzu sai an zauna an tsince leda daga cikinsa, abin da ya tsere wa hannu kuma ya shiga ƙasa ya hana ruwa ratsawa ya tare saiwa. Sa'an nan a duba magudanun ruwa na cikin gari. Ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa da Yobe ruwan sama da cikar kogi ne suka kawo ta, ba wanda zai ɗora wa leda laifinta duka, amma ruwan da ya shiga unguwa ya tarar da lambatu a toshe ba shi da wata hanya sai ta cikin gidajen mutane.

To, a kan wannan hali ne labarin funfuna ya zo, don haka ya wajaba a san abin da masanan suka gano ɗin, da abin da ba su ce ba.

Funfuna dai ba baƙuwa ba ce a gidan kowa. Ita ce ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da kan burodi, da takalmin fatar da aka manta a ɗaki mai laima da damina. Naman kaza da laimar kwaɗi danginta ne, yis ɗin mai gidan burodi ma haka. Ba ta da baki ba ta da ciki. Yadda take cin abinci shi ne ta shimfiɗa wasu zaruruwa sirara ƙwarai a kan abin da ta samu, ta fitar da wani ruwan narkarwa wanda masana ke kira inzayim, ruwan ya yanyanka abin ƙanana-ƙanana, sa'an nan ta tsotse. Da wannan dabara take ruɓar da kututturen itace wanda ba dabbar da ke iya taunawa. Shi ya sa masana suka yi tunanin cewa abin da ya iya da itace wataƙila ya iya da roba.

A 2011 wasu ɗaliban Jami'ar Yale ta Amurka suka ba da rahoton wata funfuna mai suna Pestalotiopsis microspora, wadda suka samo a jikin tsire-tsire a dajin Amazon na ƙasar Ekwado, tana iya rayuwa da roba kaɗai, har ma a inda babu iska. A 2017 Dokta Sehroon Khan da abokan aikinsa suka samo wata mai suna Aspergillus tubingensis a wani juji na birnin Islamabad a Pakistan, wadda ta ragargaza fallen roba cikin kimanin wata biyu. Waɗannan biyu su ne suka fi yin suna. Amma ga abin da masu yaɗa labarin sukan tsallake: robar da suka ci ɗin wani nau'i ne na foliyuritan, watau dangin robar katifa da soso da ƙasan takalmi. Ba ledar kasuwa ba ce, ba kuma ledar fiya wata ba.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Abin da Bahaushe ya haɗa ya kira roba, a wurin masu ƙera shi iri-iri ne, kamar yadda gero da dawa da maiwa suke duk hatsi amma kowanne da halinsa. Robar katifa da robar gorar ruwa suna da wasu gaɓoɓi a cikin ƙirarsu, inda ruwan narkarwa ke samun wurin sa wuƙa. Ita kuwa foliyetilin, wadda ake yin baƙar leda da ledar fiya wata da ita, doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon da suka riƙe juna gam, babu irin waɗancan gaɓoɓi, ga shi kuma ruwa ba ya kama jikinta. Haka ma folifurofilin, wadda ake saƙa buhunan hatsi da igiyar roba da ita. Su biyun nan kuwa su ne suka cika jujin Nguru da na Gashuwa, su ne a tumbin akuya, su ne a lambatu.

Ba a ce ba a taɓa su ba. A 2023 masu bincike na Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka gwada funfuna iri biyu, Aspergillus terreus da Engyodontium album, a kan robar buhu, suka sami raguwar kashi 21 cikin 100 a kwana 30, da kashi 25 zuwa 27 a kwana 90. Amma sai da suka fara raunana robar da zafi, ko da wani sinadari, ko da hasken nan marar ganuwa da ke cikin rana mai ƙona fata. A 2024 kuma masanan wata cibiyar binciken teku ta ƙasar Holan suka nuna cewa wata funfuna da ke zaune a kan tarkacen roba a Tekun Fasifik tana cin robar leda, in dai rana ta riga ta doke ta. Saurinta kuwa kimanin kashi 0.05 ne cikin 100 a rana guda.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi ya yi lissafi. Kashi 0.05 cikin 100 yana nufin daga kilo guda na leda, rabin giram ne ke tafiya a yini. Ko da a ce saurin ba ya raguwa ko kaɗan, sai an yi kwana 2,000, watau fiye da shekara biyar, kafin kilo gudan ya ƙare. Wannan kuwa a ɗakin gwaji ne, inda aka daidaita mata ruwa da ɗumi, babu wata halitta mai yi mata kishiya, babu kuma wani abinci mai daɗi a kusa da zai ɗauke hankalinta. A juji kuwa, inda ga ɓawon rake ga ragowar tuwo, wace funfuna ce za ta bar waɗannan ta koma gwagwiyar leda? A gefe guda kuma duniya tana ƙera roba fiye da tan miliyan 400 kowace shekara. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa daga cikin tan biliyan 6.3 na sharar roba da aka tara har zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna nan a juji da ƙasa da ruwa. Rabon Nijeriya, bisa ƙiyasin da aka fi ambata, ya kai tan miliyan 2.5 a shekara.

Akwai kuma maganar yanayi, wadda ta shafi arewacin Yobe kai tsaye. Funfuna 'yar laima ce. Ƙasar da damunarta ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, inda zafin bazara ke haura digiri 40, inda hunturu ke busar da komai har leɓen mutum, ba wurin da za a watsa funfuna a fili a sa ran ta yi aiki ba ne. Ranar da masanan suka ce tana raunana leda kam akwai ta kyauta, har ta yi yawa. Sai dai aikinta a fili shi ne ta mai da leda ta yi rauni ta farfashe ta zama ɓurɓushi, iska ta kwasa ta zuba a gona da kogi. Ido ya daina ganinta, amma tana nan, kuma a wannan ƙanƙantar tata ne kifi ke haɗiye ta. Masana da kansu sun sha yin gargaɗi cewa raguwar nauyin leda a gwaji ba ya nuna an cinye ta, don mai yiwuwa magungunan da aka cuɗa ta da su ne suka fita, ko kuma ta farfashe kawai.

A nan ya dace a ja kunnen hukumomi game da 'yan kasuwar da za su zo da abin da suke kira leda mai ruɓewa da kanta. A 2019 masu bincike na Jami'ar Filimos ta Ingila suka bayyana cewa sun binne irin waɗannan ledoji a ƙasa, sun kuma jiƙa wasu a ruwan teku, bayan shekara uku aka ciro wasunsu suna iya ɗaukar kayan cefane ba su yage ba. Ƙungiyar Tarayyar Turai ma ta hana irin ledar da ake zuba wa magani don ta farfashe da sauri tun daga 2021. Abin da aka kora daga can, a nan zai zo neman kasuwa.

Inda wannan ilmi ya fi kusa da zama sana'a shi ne a wajen gorar ruwa da ta lemo. Wani kamfani na Faransa mai suna Carbios ya nuna a 2020 cewa ruwan narkarwar da ya inganta yana iya warware kashi 90 cikin 100 na irin wannan roba cikin awa 10, ya kuma buɗe ƙaramar masana'antar gwaji a 2021. Amma ta yaya? Sai an tattara gorunan, an ware su daga sauran shara, an wanke, an niƙa, an zuba a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai zafin da aka auna. Duk da haka ma a ƙarshen 2024 kamfanin ya ɗage ginin babbar masana'antarsa saboda ƙarancin kuɗi. Darasin da ke ciki a bayyane yake: ko ranar da funfunar da ake mafarki ta samu, a cikin tukunya za ta yi aiki, a kan robar da aka riga aka tsince aka ware. Garin da bai iya tattara sharar tasa ba, ba abin da za ta ƙare shi da shi.

Wani zai ce to me zai hana a gwada watsa ta a dausayin, ko ba ta yi amfani ba ai ba ta yi ɓarna ba. Wannan magana ce mai haɗari, kuma mutanen Nguru sun fi kowa cancantar gane haka. Garin nan gyaɗa ce ta raya shi bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Kano a 1930, kuma babbar abokiyar gabar gyaɗa ita ce wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, mai fitar da gubar aflatoksin da ke lalata hanta ta kuma tsumburar da yara. A 1960 aka farga da ita, bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka kai daga Barazil. Sunan gidansu ɗaya da waɗanda ake yabo yanzu da cin roba. Ita tubingensis dangi ce ta kusa ga baƙar funfunar da ke ruɓar da albasa a ajiya, terreus kuwa tana cikin masu kama huhun mutumin da jikinsa ya riga ya yi rauni. Wanda ya watsa irin wannan a wurin da ake noman albasa da gyaɗa, ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi, ba shi da hanyar da zai kira ta ta komo.

Amma kuma daga wannan gyaɗar ce misalin da ya fi dacewa a bi ya fito. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, watau IITA, tare da abokan aikinsu, sun bi gonakin Nijeriya suna ɗibar ƙasa da hatsi, suka tace dubban samfura, suka zaɓo iri huɗu na ita wannan flavus ɗin waɗanda ba sa fitar da guba. Suka shafe ƙwayar dawar da aka soya da su, suka rina ta shuɗiya don kada a ci, manomi ya watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Wannan shi ne Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014, wanda kuma ke rage gubar da fiye da kashi 80 cikin 100. Abin lura a nan shi ne funfunar 'yar ƙasa ce, ba a ɗauko ta daga wani daji na nesa ba, an kuma yi fiye da shekara goma ana gwaji kafin a miƙa ta ga manomi, sa'an nan hukuma ta duba ta sa hannu.

Irin wannan aiki ne ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta ɗauka a matsayin nata. Mutumin Pakistan a jujin ƙasarsu ya samo tasa. Idan akwai funfunar da za ta jure zafin Afrilu da bushewar hunturun Yobe ta kuma taɓa leda, to a tsohon jujin Gashuwa ko bakin tafkin Nguru take zaune, ba a dajin Amazon ba. Cibiyar bincike ta BioRTC da aka kafa a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu a 2021 tana da na'urorin hangen ƙananan halittu da za su taimaka, asusun TETFund kuma yana da kason kuɗin bincike. Sai dai a yi aikin da gaske. A jami'o'in ƙasar nan da dama ɗalibai sun sha yanko fallen leda su sa a kwalba tare da ƙasar juji, su auna nauyi bayan wata biyu, su karɓi digiri, littafin ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Abin da ake bukata shi ne bincike mai dogon zango, wanda zai auna iskar da ke fita don tabbatar da cewa an cinye ledar ne, ya kuma fara tantance ko funfunar tana da guba tun kafin a yi mata kirari. Kuɗin wannan bai kai na motar babban jami'i guda ba.

Shi bincike yana tafiya da nasa lokaci, ba a yi masa gaggawa. Abin da ba ya jiran kowa shi ne tsintar ledar, wannan kuwa an san mai shi. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwasar shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka Ƙaramar Hukumar Nguru da ta Bade su ne na farko da jama'a za su tambaya. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da mutum guda da littafinsa yakan sa unguwa ta share ƙofar gida tun kafin ya ɓullo. Ba a rasa dokoki ba a yau. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar kula da sharar roba a 2020, ta kuma hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya a ofisoshinta a 2024. Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin hana leda a 2019, bai zama doka ba. Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ke nan kusa, ta yi dokar hana ledar tun 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Damagaram ya san doka a takarda daban take da doka a kasuwa. Ruwanda a 2008 da Kenya a 2017 sun hana, sun kuma tsaya a kan hanin, aka ga bambanci. Taron duniya kuwa da aka ɗora wa rubuta yarjejeniyar roba ya watse a Busan a 2024, ya sake watsewa a Janeba a 2025, ba a cim ma matsaya ba.

Hana leda da rana tsaka a garin da mai koko da mai ƙosai da mai manja ba su da abin zubawa zalunci ne, kuma ba zai ɗore ba. Hana fiya wata a inda famfo ba ya kawo ruwan da mutum zai amince ya sha ya fi wannan muni. Hanyar da ta fi kusa ita ce a sa wa ledar daraja. 'Yan jari-bola sun riga sun share garuruwan nan daga tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti da tsinkakken silifa, ba tare da wata hukuma ta umarce su ba, don kawai masana'antun Kano suna saye. Ledar sirara ce suka bari, saboda sai an cika buhu kafin ta yi nauyin da zai biya wahala. Da ƙananan hukumomin biyu za su kafa wurin saye a bakin manyan kasuwanni da tashoshin mota, da sikeli da injin matsewa, su sa farashi a kan kilo, masu gidajen fiya wata kuma su ɗauki wani kaso na kuɗin tun da su ne ke fitar da ledar, da matasan da ke zaman banza sun yi aikin da motar shara ba ta yi ba. Dokokin hukumar NESREA sun riga sun amince da ƙa'idar cewa mai ƙera kaya yana da alhakin sharar kayansa. Ledar da aka tara aka matse, ko an sayar wa masu narkarwa, ko an adana ta a wuri guda da shinge, ta dai fita daga tumbin akuya. Ita ce kuma za ta zama abin gwajin masanan jami'a.

Ƙonawa ba mafita ba ce, ko da yake ita aka fi yi. Hayaƙin roba guba ne, kuma matan da ke hura wutar girki da leda da yaran da ke zaune kusa da murhu su ne ke shaƙarsa kullum. Wannan magana ce da limamai da masu unguwanni za su fi kowane jami'i iya isarwa, kamar yadda za su iya tuna wa jama'a cewa yankin da ke da kaba da masu saƙa ta bai rasa kwando da jakar cefane ba. Fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru in suka sa baki a kan kasuwanninsu, shugabannin 'yan kasuwa za su ji.

Sauran ledar da ruwa ke kawowa daga sama kuwa ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Jihohi shida da suka haɗa kogin, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, sun kafa asusun amana na kula da shi tun 2006, ofishinsa yana Damaturu. Maganar rabon ruwa da yankan kacala ce ta fi cin lokacinsa, lokaci ya yi da Gwamnatin Jihar Yobe za ta sa maganar shara a kan teburin, ta nemi a kafa ragar tare tarkace a bakin manyan magudanun da ke zuba a kogin.

Akwai kuma wani ƙaramin aiki da za a iya farawa a makon nan ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. A ba Sarkin Fawa na Nguru da na Gashuwa sikeli da littafi, jami'in dabbobi na kwata ya riƙa rubuta yawan dabbobin da aka yanka kowace rana, da nawa aka sami leda a cikinsu, da nauyinta. A riƙa aika kwafi ga jami'a duk wata uku, a kuma karanta jimlar a gaban majalisar ƙaramar hukuma kafin faɗuwar damina, lokacin da ake ware kuɗin yashe lambatu.